Muhawara: 'Yan matanmu da wasan kurket, mu shiga ko mu tsaya kallo?

Malamar Wasanni:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun watan Janairu, na rasa inda zan sauke ta sai nan. Ni malamar motsa jiki ce a wata sakandaren 'yan mata da ke cikin gari, shekarata 11 a wannan aiki. Ran 20 ga Janairun 2025 wata ƙawata ta turo mini guntun bidiyo a waya. Ina buɗewa na ga 'yan mata sanye da kore da ruwan ɗorawa suna ta tsalle suna rungumar juna, wasu har da hawaye. Ashe 'yan Najeriya ne, 'yan ƙasa da shekara 19, sun doke Niyu Zilan a gasar cin kofin duniya ta kurket da aka yi a Maleziya. Namu sun samu maki 65, su kuma suka tsaya a 63. Karon farko ke nan da matan ƙasar nan suka je gasar duniya a wannan wasa, kuma wata uku kacal kafin ranar manyan matan Niyu Zilan ɗin suka ɗauki kofin duniya na manya a Dubai.

Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma. Yaran nan sa'annin ɗalibaina ne 'yan aji biyar da aji shida. Washegari na shiga aji na tambaya, wa ta san kurket? Ko hannu ɗaya bai tashi ba. Abin ya yi mini ciwo, don na san irin yaran da nake koyarwa. Akwai wadda in ta jefi mangwaro daga nesa sai ya faɗo, akwai wadda ko namiji ba ya kamo ta a guje.

To ga tambayata. Ina so in fara koya musu wannan wasa a cikin makaranta. Iyaye, malamai, masu kallon wasanni, ku gaya mini gaskiya: abin da za a yi ne a Kano, ko in haƙura?

Sai Masu Gida:
Wa alaikumus salam Malama. Ba wannan ba ne wasan da ake kwana biyar ana yi, a tashi babu wanda ya ci? Mu fa nan ƙwallon ƙafa muka sani. Ki je Ƙofar Mata ranar da Pillars ke wasa ki ga jama'a. In 'yan mata za su yi wasa me ya sa ba za a ba su abin da kowa ya iya kallo ba?

Ɗan Kantin Kwari:
Ɗan uwa, wancan na kwana biyar daban ne, shi ne tsohon salo. Wanda Malama ke magana shi ake kira T20, kuma kamar awa uku ya isa a gama shi. A Ingila aka ƙirƙiro shi a 2003 saboda mutane sun gaji da zaman jiran sakamako. Ni a wajen harkar yadi na san shi. In ka shiga shagon Ba'indiye ko Bafakistane a Dubai ana wannan wasa a talabijin, to ka nemi kujera ka zauna, ba za a auna maka komai ba sai an gama. Tun ina jin haushi har na fara tambaya, yanzu ni ma ba ya wuce ni.

Ga yadda yake a taƙaice. Kowane ɓangare mutum 11. A tsakiyar fili akwai wata doguwar shimfiɗa mai tsawon yadi 22, kowane ƙarshenta an kafa sanduna uku. Ɓangare ɗaya na jifa da tsaron fili, ɗayan na bugu. Mai jifa tana son ta kayar da sandunan, mai bugu tana tsaye a gabansu da faffaɗar sanda tana kāre su. In ta buga ƙwallo ta yi nisa, sai ita da abokiyarta su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har ta fita iyakar fili, maki 4. In ta tsallake iyakar a sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. In kuwa aka cafe ta a sama, ko sandunan suka faɗi, mai bugun ta fita, wata ta shigo. Jifa shida shi ake ce wa oba ɗaya, kowane ɓangare yana da oba 20, jifa 120 ke nan. Mai jifa ɗaya ba ta wuce oba 4, don haka dole ƙungiya ta kasance da masu jifa aƙalla biyar. Wanda ya fi tara maki shi ya ci. Shi ke nan fa.

Wasan da Malama ta gani an rage shi zuwa oba 13 saboda ruwa ya jiƙa filin, shi ya sa makin ya yi kaɗan.

Sai Masu Gida:
To yanzu na ɗan gane. Ke nan babu ture-ture ko sa ƙafa?

Ɗan Kantin Kwari:
Ko kaɗan. Jikin wata ba ya taɓa na wata. Abin tsoro ɗaya ƙwallon ce, tana da tauri, shi ya sa mai bugu ke sa hular kwano da matashin ƙafa da safar hannu. Ta mata ma ta ɗan fi ta maza ƙanƙanta da rashin nauyi.

Baban Yara (Kurna):
Malama, ina ganin girman aikinki, amma tunda gaskiya kika nema zan faɗa miki. Ina da 'ya'ya mata huɗu, biyu suna sakandare. Ba wasan ba ne damuwata, abin da ke biyo bayansa ne. Yau an fara a cikin makaranta, gobe a ce za a je gasa Kaduna, jibi Abuja, gata Legas. Wa zai raka ta? A ina za ta kwana? Wace irin shiga za ta yi a gaban maza da kyamarori? Sannan karatun fa? Da ƙyar muke haɗa kuɗin jarrabawa da na littattafai, ga Islamiyya da yamma, ga aikin gida tana taya uwarta. Ina lokacin yake? Kuma ku yi mini uzuri, duk abin da ya zo daga waje aka ce na mata ne, mu iyaye muna da dalilin tsayawa mu duba shi da kyau. Ba ƙiyayya ba ce, amana ce a wuyanmu.

Ɗalibar Jami'a:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka abin ji ce, mahaifina ma haka zai faɗa. Amma a kan shiga ina so ka san wani abu. Cikin duk wasannin da ake yi a duniya, kurket na daga cikin waɗanda kayansa suka fi rufe jiki. Dogon wando ake sawa, ba gajere ba, kuma wadda take so ta sa riga mai dogon hannu babu mai hana ta. Akwai 'yar wasan Sikotilan, Abtaha Maqsood, Musulma ce da aka haifa a Gilasgo, da ɗankwalinta rufe da kai da wuya take jifa, kuma da shi ta buga gasar duniyar mata ta T20 ta 2024 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Pakistan da Bangaladesh ƙasashen Musulmi ne, kuma matansu sun daɗe suna zuwa wannan gasa. Bangaladesh ma ita ta karɓi baƙuncinta a 2014, sannan a 2018 matansu suka doke Indiya suka ɗauki kofin nahiyar Asiya.

Wadda ta fi burge ni ita ce Bismah Maroof, da ta daɗe tana jagorantar matan Pakistan. Ta yi aure, ta haihu, ta dawo fili. A gasar duniya ta 2022 a Niyu Zilan, wato ta dogon salo mai oba 50, da jaririyarta ta je, mahaifiyarta na riƙe mata ita. Hukumar kurket ta ƙasarsu ce ta yi tsarin hutun haihuwa da albashi, har da damar tafiya da mai raino. Ni wannan ne ya nuna mini cewa ba sai yarinya ta jefar da gidansu da addininta ba kafin ta yi wasan.

Malam na Gwale:
Bismillah. Tunda an taɓo addini bari in sa baki, amma kada a ɗauke shi fatawa, ra'ayin ɗalibi ne. Motsa jiki ga mace ba abin ƙi ba ne a asalinsa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan wani lokaci suka sake ya tsere mata. Abin da malamai ke dubawa shi ne yanayin: sutura, cakuɗuwa da maza, lokacin salla, tafiya ba muharrami, da kuma caca. Wannan na ƙarshen ku kula da shi, don samarinmu sun riga sun faɗa cacar ƙwallo a waya, kada a buɗe musu wata ƙofa. In a cikin katangar makarantar mata ne, malama mace ke koyarwa, ban ga abin zargi ba. Maganar fita gasa kuwa sai in an zo wurin, kowane uba ya san abin da zai iya.

Baban Yara (Kurna):
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabin. Amma 'yata Ɗalibar Jami'a, kin kawo Pakistan da Bangaladesh kin bar Afganistan. Ai su ma Musulmi ne, kuma na ji sun hana.

Ɗalibar Jami'a:
Haka ne Baba, ban ɓoye ba. Tun da Taliban suka karɓi mulki a 2021 babu ƙungiyar mata a can, yawancin 'yan wasan sun gudu Ostareliya, a watan Janairun 2025 ma sun yi wasa a Melbon a matsayin 'yan gudun hijira. Amma Baba, gwamnatin da ta hana su kurket ita ce ta rufe wa 'yan mata makarantun sakandare da jami'a. Kai kuwa ka ce 'ya'yanka biyu suna sakandare, kana fafutukar kuɗin jarrabawarsu. Na san ba hanyarsu kake bi ba.

Baban Yara (Kurna):
A'a, wannan kam ba na tare da su. Ilimin 'ya mace wajibi ne.

Hajiya Tarauni:
Sannunku da muhawara. Na yi shugabancin makarantar 'yan mata ta kwana kafin in yi ritaya, don haka bari in yi magana da Malama kai tsaye. Ƙanwata, abin da kike gani a yaran nan gaskiya ne. Mu da muka tashi muna carafke da 'yar gala-gala da gaɗa a dandali, hannunmu da idonmu a tare suke aiki. Yarinyar da ke wurga dutse sama ta kwashe na ƙasa ta cafe na saman kafin ya faɗi, me zai hana ta cafe ƙwallo? Amma yanzu ina dandalin? Unguwanni sun cushe, an gine kowane lungu, yarinya daga aji sai ɗaki sai waya. Ina ganinsu a asibiti in na kai jikokina, 'yan shekara ashirin da wani abu suna kukan ciwon baya da gwiwa. A zamaninmu surfe da daka da ɗaukar ruwa sun ishe mu motsa jiki, su kuwa injin niƙa ya ɗauke musu wannan, ba a kuma ba su wani abu a madadinsa ba.

Abin da nake tsoro ba iyaye ba ne. Iyaye in ka zaunar da su ka yi musu bayani da mutunci, yawancinsu suna yarda. Na sha kiran taron iyaye a kan abin da ya fi wannan nauyi. Abin tsoron fili ne. Makarantu nawa a cikin birnin nan aka yanka filin wasansu aka jera ajujuwa ko shaguna a jikin katanga? Ki fara auna abin da ya rage muku. Na biyu kuma, kada ki yi shi ke kaɗai. Ki jawo malama ɗaya ko biyu su koya tare da ke, don ranar da aka yi miki canjin wurin aiki kada abin ya bi ki.

Sai Masu Gida:
Na je na ɗan duba. Ai kofin duniyar mata na T20 ɗin nan na Ostareliya ne kawai, sau shida suka ɗauka. To mu da ko fara ba mu yi ba, yaushe za mu kamo su? Ba ɓata wa yara lokaci ba ne?

Ɗan Kantin Kwari:
Sau shida, gaskiya ne: 2010, 2012, 2014, sai 2018, 2020 da 2023. Huɗu daga ciki a ƙarƙashin kyaftin ɗaya, Meg Lanning. Amma ka tambayi dalili. Sun riga kowa mayar da wasan mata sana'a, suna biyan albashi, suna da gasar cikin gida mai ƙarfi. Ba wani sirri ba ne, kuɗi ne da tsari.

Kuma ba kullum suke ci ba. Na farko a 2009 Ingila ce ta ɗauka a gidanta, ta doke Niyu Zilan a filin Lord's da ke Landan. A 2016 a Kalkata 'yan tsibiran Karebiyan, baƙaƙen fata irinmu, suka kayar da Ostareliyar a wasan ƙarshe, kuma wadda ta fi yi musu ɓarna, Hayley Matthews, shekararta 18 a lokacin, ta buga maki 66. Ta 2024 kuwa na kalle ta tun daga farko. A Bangaladesh aka shirya yi, rikicin siyasar ƙasar ya sa aka mayar da ita Dubai da Sharja. Afirka ta Kudu ta fitar da Ostareliya a wasan kusa da na ƙarshe. Niyu Zilan kuma ta shigo gasar ne bayan ta sha kashi sau goma a jere, babu mai kallonta, sai ga shi ran 20 ga Oktoba ta doke Afirka ta Kudu da tazarar maki 32 ta ɗaga kofin. Amelia Kerr ta fitar da masu bugu 15 a gasar, ita aka ba kyautar gwarzuwa. Wallahi na ji wa Afirka ta Kudu, don karo na biyu ke nan a jere suna zuwa wasan ƙarshe suna faɗuwa, a 2023 a gidansu Ostareliya ta doke su da maki 19.

Abin da nake so ka lura da shi, gajeren salon nan yana ba ƙaramar ƙasa dama. A wasan kwana biyar mai ƙarfi sai ya gajiyar da kai. A oba 20 kuwa, yarinya ɗaya ta yi jifa mai kyau na minti goma sha biyar sai lissafi ya juye. Tailan, ƙasar da ba ta da tarihin kurket, ta je gasar manya a 2020. Sikotilan ta je karon farko a 2024. Ruwanda ta je ta 'yan ƙasa da 19 a 2023 ta doke Zimbabuwe da 'yan Karebiyan. Namu kuma bayan Niyu Zilan sun tsallake zuwa zagaye na biyu har suka doke Ayilan. Manyan matanmu ma sun ciyo tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a watan Maris na 2024, Yuganda suka doke. Gasar 2026 Ingila aka ba wa masaukinta, an ƙara ƙasashe daga 10 zuwa 12. Ƙofa buɗewa take yi, ba rufewa ba.

Ɗalibar Jami'a:
Yaya, ka manta ta 2020 ɗin nan. Ran 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, mutum 86,174 suka cika filin Melbon don kallon Ostareliya da Indiya. Kafin 2018 fa wasan ƙarshe na mata share fage ne kawai, a yi shi da rana a filin da maza za su yi nasu daga baya. Sai a 2018 aka ware musu gasarsu su kaɗai. Cikin shekara biyu sai ga wannan taro.

Ɗan Kantin Kwari:
Kin yi gaskiya ƙanwata. Ga kuma kuɗi. Hukumar kurket ta duniya ta yanke a 2023 cewa ladan gasar mata zai yi daidai da na maza. Ostareliya dala miliyan 1 ta samu a 2023, Niyu Zilan kuwa dala miliyan 2.34 ta tafi da su a 2024. A Indiya an fara gasar ƙungiyoyin mata a 2023, har aka sayi Smriti Mandhana a kan rufi miliyan 34. Kuma a 2028 kurket zai shiga wasannin Olamfik a Los Anjalis, maza da mata, da wannan gajeren salon.

Malamar Wasanni:
Alhaji na gode da wannan bayani, na ƙaru ƙwarai. Amma maganar dala ba zan kai ta gaban iyaye ba. In na ce wa uba 'yarsa za ta kawo masa miliyoyi na yaudare shi, don cikin yara ɗari da ƙyar ɗaya ta kai ko ƙungiyar jiha. Mun ga yadda mafarkin Turai ya cinye samari a ƙwallon ƙafa, an sayar da fili an ba dillali, yaro ya dawo ba karatu ba sana'a. Abin da zan iya yi wa uba alkawari shi ne lafiyar jikin 'yarsa, da iya aiki cikin jama'a, da haƙurin jiran layinta, da lissafi, don duk jifa sai an ƙirga. Akwai wata ɗalibata da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba tun aji ɗaya. Da na ba ta jagorancin tseren miƙa sanda a bara, malaman sauran darussa suka riƙa tambayata me na yi mata. Irin wannan nake nema. In kuma Allah ya sa wata ta yi fice har aka kira ta Abuja, sai mu zauna da iyayenta a lokacin.

Dattijon Nassarawa:
Jikana ne ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Na ji ana cewa kurket baƙo ne a Arewa. Ba baƙo ba ne, mantuwa aka yi. Mu mun yi shi a makarantar kwana, da fararen kaya, tare da hoki da wasan fayif na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, wanda marigayi Sardauna ya shahara da shi. Malamanmu Turawa da Indiyawa ne suka riƙe shi. Da suka tafi, sandunan suka karye, ba a sayo wasu ba, ciyawa ta cinye shimfiɗar, shi ke nan. Ba wanda ya hana, ba wanda ya yi wa'azi a kansa, kawai babu Bahaushen da aka koya wa yadda zai koyar. 'Yata Malama, maganar Hajiya ita ce magana. Kuma ki sa wa abubuwan sunayen Hausa tun daga ranar farko. Mu da Turanci aka koya mana, shi ya sa in mun koma gida hutu ba mu iya nuna wa ƙannenmu ba. A lokacinmu ma maza kaɗai ke yi. Ban taɓa zaton zan ji 'yan matan Najeriya sun doke Turawa a wannan wasa ba, da jikana ya nuna mini sai da na sa ya maimaita.

Malamar Wasanni:
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wannan shawara ta shige ni. Hajiya, na auna filin jiya bayan an tashi. Bai kai cikakken filin kurket ba, amma tsawonsa ya ɗauki shimfiɗar da ɗan sarari a kowane gefe. Matsalar kaya ce. Na kai takarda ofis tun zangon da ya wuce ina neman kuɗin sanduna biyu da ƙwallaye, aka ce babu kasafi, kuma wai wasan da ba a sani ba ba zai kawo wa makaranta kofi a gasar shiyya ba. Na fito ofishin nan raina a ɓace. Shekara 11 ina aiki da ƙwallon raga ɗaya da ta sha faci.

Ɗan Kantin Kwari:
Malama, kada kayan su tsayar da ke. Yaran Karachi ba da ƙwallon fata suke farawa ba. Ƙwallon tanis suke samu su naɗe ta da salatif ɗin masu gyaran wuta, ta yi ɗan nauyi ta yi santsi, kuma ba ta ji wa kowa ciwo, ba a bukatar hular kwano. Manyan masu jifan Pakistan da yawa a kan titi suka fara da ita. Salatif kuwa ko'ina akwai shi a Sabon Gari. Ni na ɗauki nauyin ƙwallaye dozin biyu da salatif ɗinsu. Sannan ki rubuta wa hukumar kurket ta ƙasa, suna da shirin kai wasan makarantu, ki nemi su haɗa ki da mai horarwa mace.

Kafinta Ɗan Fagge:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. In sandar katako ce, a turo mini hotonta gaba da baya da awonta. Na asali na ji an ce da wani icce mara nauyi ake yi wanda babu shi a nan, amma na koyo zan nemi katako mai sauƙi in fere, in naɗe mariƙin da roba. Sanduna ukun nan kuwa aikin rabin awa ne. In ƙasar filin ta yi tauri ba sa kafuwa, sai in yi musu gindi su tsaya da kansu. Kuɗin katako kawai za a ba ni, aikin sadaka ne, ni ma ina da 'ya mace.

Sai Masu Gida:
Ni dai har yanzu ina ganin ƙwallon ƙafa ta fi saurin karɓuwa, ga Super Falcons nan kowa ya san su. Amma ba zan hana ba. In an fara a sanar da mu yadda ta kaya.

Malam na Gwale:
Malama, ki sa lokacin yadda ba zai ci Islamiyya ba, kuma a tashi kafin la'asar ta fita. In iyaye suka ga an kiyaye wannan, rabin gardamar ta ƙare.

Baban Yara (Kurna):
Na karanta wa uwargida duk abin da aka rubuta. Ita ta fi ni goyon baya, ta ce 'yarmu ta biyun ba ta da aiki sai jifan ƙadangaru a katanga. Ga matsayata Malama. In a cikin makaranta ne, mata zalla, da dogon wando da riga har gwiwa da ɗankwali, kuma ba a ɗora hotonsu a Facebook ko TikTok ba tare da izinina ba, na yarda. Fita wajen Kano kuwa ban yarda ba tukuna, kuma ba na so a sa wa yarinya rai da shi har ta zo tana yi mini kuka. Sai dai 'ya'yana ba a makarantarki suke ba. Akwai hanyar da za a karɓi na waje?

Malamar Wasanni:
Baba, sharuɗɗanka duka na karɓa, zan ma rubuta su a takardar izinin da kowane uba zai sa wa hannu. Maganar 'yan waje ba ni da ikon yankewa, sai na tambayi shugabar makaranta. Hajiya, ko za ki daure ki raka ni wurinta? Na san in ta ga tsohuwar shugaba za ta saurara fiye da yadda ta saurare ni.

Hajiya Tarauni:
Zan je in sha Allah, amma ba Litinin ba, ina da asibiti. Ki nemo mana Laraba da hantsi. Ki zo da takardar izinin a rubuce da Hausa, da sunayen malamai biyun da za su koya tare da ke, da jerin yara 22 na farko. Ɗan Fagge, sanda nawa za ka iya gamawa kafin ranar? Ina so mu shiga ofishin da ɗaya a hannu ta gani da idonta.

Kafinta Ɗan Fagge:
Hajiya, in awon ya iso yau da daddare, biyu za su samu kafin Talata. Alhaji, ka turo mini ta akwatin saƙo, har da faɗin fuskar da tsawon mariƙin. Malama kuma ki gaya mini tsayin mafi ƙanƙanta a cikin yaran, don in rage wa ɗayar tsawo.